Tofi a Kwalbar Hansatu

Barau ne ya raba ƙanwarsa Hansatu da maganinta, kuma da taurin kai ya yi.

A zamanin, kwalbar maganin ciwon dajin huhu ba ta buɗewa sai mai ita ya hura mata numfashi. Ranar da aka ba Hansatu tata, ta tambayi likita har yaushe za ta sha. Ya ce, "Muddin maganin yana danne ciwon, za ta buɗe. Amma ɗaya ake ba mutum, kada wani ya hura mata."

Shekara ta zagayo kwalbar tana buɗewa kowace safiya, har Hansatu ta koma dakan furarta.

Sai Barau ya zo dubiya, ya ɗauki kwalbar zai yi mata tofi.

"Yaya, yi addu'arka daga nan, Allah yana ji."

"Ke, ni za ki koya wa addu'a? A hannuna kika girma!"

Ya tofa. Kwalbar ta ji baƙon numfashi, ta kulle. Hansatu ta wuni tana hura mata, murfin ko motsi bai yi ba.

Saboda wannan laifi, hukuma ta haramta wa Barau samun kwalbar maganin har abada. Bana ya fara tari da jini.