Shaidar da Malam Yake Bayarwa

"Malam, ka bar yawo da mutuwar ɗiyata coci-coci!" in ji matarsa.

"Aikin Ubangiji ne," in ji shi, yana ɗaure jaka a babur da igiya.

Yana wajen taro yarinyar ta rasu. Tun daga nan, duk inda ya je nema wa zumuntar ɗalibai gudummawa, daga Shagari har Bodinga, shaidarsa ɗaya: tana rera yabo ranta ya fita. Mata su share hawaye, baikon da ake tarawa a coci ya ƙaru.

"Ba waƙa ta yi ba," matar ta ce ƙasa-ƙasa. "Na faɗa maka haka ne don ka samu barci. Baba take kira, idonta a ƙofa."

Igiyar ta suɓuce masa.

"To yau mi za ka ce musu?"