Addar Kihara

Wa ya aike ku da wannan tambaya? Kun ga tsoho makaho yana share kabarin da ba na danginsa ba, shi ke nan bakinku ya ƙi rufuwa. Ku janye ƙafa daga murhu ku saurara, sau ɗaya zan faɗa.

Ba a haifi Kihara makaho ba. Shi da ƙanensa Ndegwa suka sha giyar chang'aa a ƙasan kwari, wajen wata mai dafa giya da kowa ke kira Uwar Gitau. Kun san mu, mace in ta haihu sunanta ya ɓace, sai na ɗanta. Giyar ranar an zuba mata abin da ba na sha ba. Ndegwa ya mutu a hanyar asibiti, Kihara ya farka cikin duhu. Matar ta gudu daga kwarin. Shi kuwa ya wasa adda, ya rantse a kan kabarin ƙanensa sai ya sare ta. Shan ma bai daina ba.

A cikin gari, bayan coci, akwai ɗakin da mashayan da suka gaji ke taruwa ranar Alhamis da la'asar. Babu allo a ƙofa, wanda ya sani shi ke raɗa wa mai nema. Ba a kiran kowa uwar wane ko uban wane, sai sunan da aka raɗa maka. Abin da ka gani a ɗakin, a ɗakin kake barinsa. Sabon zuwa kuma ba ya tafiya shi kaɗai, don hanyar ta bi ta ƙofar masu giya.

Da labari ya zo cewa Kihara yana neman ɗakin, aka ce wa zai riƙa ɗauko shi? Maza suka hau kallon ƙasa. An san ya taɓa saran kare don kawai ya ji motsi a bayansa. Sai Wachera ta ɗaga hannu, wata siririyar mai tsinkar ganyen shayi da ba ta daɗe da barin kwalba ba.

Duk Alhamis takan lulluɓe kai ta je ta ɗauko shi. Ba ta ba shi hannunta, bakin sanda take miƙa masa. Ba ta bi ta kasuwa, sai ta ratsa daji ta hanyoyin da ko akuya ba ta sani ba. Shi yana baya, addar a ɗamara, tana jin numfashinsa a wuyanta.

"Ke baiwar Allah, muryarki kamar ta sauro," ya ce mata wata rana. "Mijinki ba ya ba ki githeri ne, dafaffiyar masara da wake?"

"Maƙogwaro ne ke damuna," ta raɗa.

A ɗakin, tsohon da ke buɗe zama ya ce ya ajiye addar a waje. Kihara ya yi dariya. "Dattijo, bar ni da amaryata. Tana jiran mai ita." Ba wanda ya taya shi dariyar. Wachera ta zuba masa shayi, rabi a kofi rabi a ƙasa.

Haka suka yi har hannunsa ya daina karkarwa, warin giya ya bar jikinsa. Addar dai tana nan.

Sai damina ta sauka, rafi ya cika. Gadar da suke bi gungume ɗaya ce, ta jiƙe sharkaf. Da suka hau, sandar ta suɓuce, ruwa ya tafi da ita. Kihara ya yi tangaɗi, ya miƙa hannu cikin iska. Babu kowa a kusa. Wachera ta dubi addar, ta dubi ruwan, ta damƙe hannunsa.

Hannun nata duk tabon wuta ne, ƙaramin yatsa ya lanƙwashe. Ya tsaya cak a tsakiyar gungumen. Babban yatsansa ya bi tabon a hankali, har zuwa yatsan. Ya san wannan hannun. Ɗaya hannun ya sauka kan ɗamara. Ta rufe ido, ta fara addu'a a zuci.

"Mu je," ya ce. "Za mu makara."

Suka isa ɗakin, aka yi zaman. Da aka tashi, ya zare addar ya miƙa wa tsohon, ya ce a sare ciyawar bayan coci da ita. Wachera ta raka shi har gida, wannan karon hannu cikin hannu, haka kuma suka yi ta yi har ta rasu.

To, ku kwashe kofunan nan ku wuce ku kwanta, kada in ji tarin kowa. Abin da ya rage kaɗan ne. A bakin ƙofarsa, kafin ya saki hannun, ya juyo da fuskarsa wajenta ya ce, "Sai Alhamis. Ki taho da sabuwar sanda, Uwar Gitau."