Rigar Zogale

Tun da aka ce ƙanƙara za ta sauka a Lyon daren Lahadi, Rifkatu ba ta tashi daga kan keken ɗinki ba. Riga take yi wa zogale. Maƙwabtanta na bene a garin Stains, mai nisa da Lyon, sun saba da ita: tsohuwa 'yar Maradi mai shuka yakuwa da albasa cikin bokitin fenti a baranda, mai rera waƙoƙin majami'a tana taka keke kamar da shi take faɗa.

Zogalen ba a barandarta yake ba. Yana Lyon, a ɗan filin da aka ba ɗanta Yakubu, filin da bai kai shimfiɗar tabarma biyu ba. A filayen kusa furanni ake sakawa, wasu ma na roba, abin da Rifkatu ke kira lalaci tsagwaronsa. Ita ta ce Yakubu ba ya cin fure. Tun yana yaro kwaɗon zogale ne ke sa shi lashe kwano, don haka zogale ta shuka.

Na farko sanyi ya kashe shi, na biyu ma haka. Wannan daga ƙwayar ƙarshe ya fito, cikin waɗanda ta ƙullo a bakin zane daga itacen gidansu na Maradi, itacen kuwa an daɗe da sare shi. In wannan ya mutu, shi ke nan.

Maigadin wurin ya sha gaya mata ba a dasa itace a nan, saiwarsa na yin nisa cikin ƙasa. Ta ce masa ai abin da take so ke nan. Ya ɗauka Faransancinta ne ya karye, ya ƙyale ta.

Wadda ba ta ƙyale ta ba ita ce Ruwaida, matar Yakubu, haifaffiyar Villeurbanne da ke gefen Lyon. Ta dalilinta Yakubu ya bar majami'a ya koma masallaci. Ko suna bai sha wahalar canzawa ba, Yakubu ai Yakubu ne ko'ina, kuma wannan sauƙin ne ya fi ƙona wa Rifkatu rai. Ruwaida ce ke da iko da filin. Bara ta tarar da ɗan gicciyen katako ɗaure a sandar shuka, ta kwance shi, ta miƙa wa surukarta da hannu biyu cikin ladabi, ta ce in ta sake ganin irinsa za ta sa a tumɓuke duk abin da aka dasa. Ranar Rifkatu ta kai ƙara wurin Yakubu, ta yi ta zuba har muryarta ta dushe. Bai ba ta gaskiya ba, bai ba matarsa ba.

Da tsohon bargon Yakubu na ƙuruciya ta yi rigar, ta yi mata shafi da farin zane, ta sa zariya a ƙasa saboda iska. Da ta gama ta ture keke gefe, ta ɗauki allura da jan zare, ta ɗinka gicciye a ciki, can ƙarƙashin ninki, bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Ta san sarai abin da take yi. Ta ce wa Ubangiji in laifi ne, nata ne ita kaɗai.

Ran Lahadi daga sujada ta wuce tashar jirgin ƙasa. Ta isa da la'asar sakaliya, ta tarar da Ruwaida tsugune a gindin zogalen da ƙunshin leda, tana ƙoƙarin naɗe shi. Suka gaisa doguwar gaisuwa wadda babu komai a cikinta. Ruwaida ta karɓi rigar don ta taimaka, ta zura hannu ciki za ta buɗe ta. Sai yatsunta suka tsaya.

"Inna, mun yi magana," ta ce a hankali. "Pas ici, ba a nan ba. Shi ya zaɓa, ba ni ba."

"Ni na haihe shi," in ji Rifkatu. "Gabana aka yi mai baftisma."

Ruwaida ta waiga wajen ɗakin maigadi. Rana na faɗuwa, sanyi ya fara cizo, kuma su biyun sun san leda kaɗai ba za ta kai shukar nan gari ya waye ba.

Rifkatu ta zauna a ƙasa, ta zare fil daga ɗankwalinta, ta soma warware jan zaren. Fil ɗin na ta suɓuce mata. Kuka take yi, ba ta kuma ɓoye ba, don ji take kamar karo na biyu ke nan ana ƙwace mata yaron. Ta dunƙule zaren ta cusa a aljihu, ta miƙa rigar.

Ruwaida ta ɗaga ta wajen sauran hasken da ya rage. Zaren ya fita, amma ramukan allurar suna nan a jere, ɗaya tsaye, ɗaya kwance. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta zura wa zogalen rigar da kanta, ta ja zariya ta ƙulle tam, ta ce za ta jira a bakin ƙofa.

Rifkatu ta durƙusa ta danna ƙasar gindin shukar da tafin hannu. "Ka yi haƙuri da sanyi, Yakubu," ta ce, "saiwar ta kusa iske ka." Ta goge dutsen da ke ɗauke da sunansa da bakin zanenta, ta miƙe, ta bi ta tsakanin sauran kaburburan ta nufi ƙofa.