Kunnen Lawan

Jummai ta sake zazzage jakar a kan tabarma, ta fara shirya ta daga farko. Nafkin a ƙasa, hoda da man shafawa a gefe, filas ɗin koko a tsaye don kada ya zube. Sai fida sabuwa fil, wadda tun da aka sayo ta Lawan bai yarda ta shiga bakinsa ba. Jajiberin Babbar Sallah ne, Kurmin Mashi ta cika da kukan raguna, jirgin Ikko kuma bayan azahar zai tashi.

Tun ranar da Lawan ya zo duniya a bayan Jummai yake barci. Ta san kukansa na yunwa, ta san na rigima tsagwaronta. Amma tikitin da aka yanka sunan Hajiya Bilkisu ne a kai da na yaron, kuma babu wanda ya tambayi Jummai ra'ayinta. Wa ma zai tambaye ta?

Hajiya Bilkisu 'yar kasuwa ce, tana sarin atamfa tsakanin Ikko da Kaduna, jirgin sama ya zame mata kamar motar haya. Maigidanta yana Ikko, can za a yi Sallah. Ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya. Son yaron take yi kamar ta haɗiye shi, ga takalmi mai ƙara ta sayo masa, ga 'yar hula mai aiki. Goyo ne dai bai zauna mata ba. In ta ɗaura majanyi, kafin ta kai zaure yaro ya zamo har ƙugu.

Abin da ya hana Jummai sukuni kunne ne. Maƙwabciyarsu Yalwa, matar wani sojan sama na barikin Mando, ita ta gaya mata. In jirgi ya ɗaga, kunne toshewa yake yi, ya yi ta zogi kamar ana tsira tsinke. Babba sai ya haɗiyi yawu ya samu sauƙi. Yaro kuwa maganinsa ɗaya, a sa masa nono a baki. Ga shi Lawan cikin makon nan aka yaye shi, har yanzu muryarsa a dishe take.

Ta daɗe tana juya maganar kafin ta iya fito da ita.

"Hajiya, yaron nan fa bai karɓi fida ba har yanzu. An ce kunne yana..."

"Haba Jummai, jirgi ai ba dodo ba ne," in ji Hajiya Bilkisu tana gyara ɗaurin kallabi. "Kafin ya gama kukan mun sauka. Wanda aka yaye an yaye shi, ba a komawa baya."

Jummai ta sunkuyar da kai. Ƙirjinta ya yi mata nauyi, har numfashi sai da dabara.

Ta yi abin da mara ƙarfi yake yi, ta ƙara kaya. Ta ƙulle auduga a 'yar leda, ko za a toshe masa kunnen. Ta cire ƙwallon dabino, ko zai tsotsi naman. Ta ɗauko tsohon zanen goyonta da ya koɗe, ta tura can ƙasan jaka inda Hajiya ba za ta gani ta fitar ba, domin in ba ƙamshinsa ya ji ba yaron ba ya runtsawa. An ce hutun Sallah ne, amma har rigunan da suka yi masa yawa, waɗanda sai baɗi zai sa, ta ninke ta saka. Haka aka ce ta yi.

Dauda makanike, ƙanen Hajiya, ya iso da Fijo ta aro, ya tsaya bakin zaure yana karkaɗa makulli.

"Ina mutumin? A fito da shi, hanyar filin jirgi da nisa."

Ya kalli Jummai sau ɗaya ya kawar da kai, ya kama duba tayar da lafiyarta lau.

Nan fa Lawan ya gane akwai wata a ƙasa. Ya cukuikuye gaban rigar Jummai, yana cusa kai, yana tsala ihu. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa shi, fuskarta ko gezau. Matan gida suka yi ta dariya. "Kai, Jummai akwai kawaici!" Ba a ce ta raka su ba, ita ma ba ta nema ba. Da wane ido?

Bayan azahar ta tsaya tsakar gida, ludayi a hannu, miya na ƙuna. Jirage ba sa yankewa a sararin unguwar nan, na sojoji da na fasinja, ita kuwa ba ta san bambancinsu ba. Duk wanda ya yi ruri sai ta ɗaga kai, ta toshe kunnuwanta, ta yi ta haɗiyar yawu kamar hakan zai kai masa can sama. Tausayi ya cika ta, ba ta da abin yi, ba ta da wanda za ta gaya wa.

Dauda ya dawo dab da la'asar.

"Sun tashi."

"Ya yi kuka?"

Ya ɗauki buta ya fita.

Jummai ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. An yaba mata da ta ba da yaron, an ce ta share hawayen Hajiya, yayar mijinta Dauda, wadda ta yi shekara da shekaru ba ta ga ƙwanta ba, an ce Allah zai ba ta wani. Ta kwance ƙyallen da ta ɗaure ƙirjinta da shi tun ranar yaye, nono ya ɓalle ya jiƙa mata zane, sannan a hankali, yadda ko bango ba zai ji ba, ta kira sunan da kunya ba ta taɓa barin ta kira ba, sunan ɗanta na fari.