Kwalba ta Hamsin

Ranar Litinin da safe Gradimir ya murɗa murfin kwalba ta hamsin, ya jera ta kusa da 'yan'uwanta a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida. Babu tattasai a ciki, babu zuma. Kowace kwalba takardun kuɗi ne na dinari dubu goma a nannaɗe, kuɗin zama ɗaya a babban teburin caca.

Direban motar madara ne, shekara arba'in da huɗu, ga tumbi, ga imanin cewa don karta aka haife shi. Kullum in ya tashi aiki yana gidan gahawar Tihomir, yana buga poka, kartar caca, a ƙaramin tebur na bakin taga, inda ɗari biyar ke zaunar da mutum. Amma idonsa na kan koriyar ƙofar da ke bayan kanta. Can babban tebur yake, kuma sati biyu kawai ake buɗe shi a shekara, cikin Satumba. Likitan dabbobi na shiga, da tsohon hedimasta, da mai kantin magani. Sukan fito ido jajur, yatsu baƙi ƙirin, suna warin hayaƙi, ba wanda ke faɗin ya ci ko an ci shi. Gradimir ya ce haka manyan 'yan wasa suke.

Dokar hamsin ɗin ba a littafi ya samo ta ba. Surukarsa Stamena ce ta kafa masa, matar da ba ta taɓa zama a aji ba, kuma ba a taɓa cutar ta ko dinari ɗaya a kasuwa ba. Shekara shida da suka wuce ya tara dubu goma, ya gyara gashin baki zai nufi koriyar ƙofa, ta tare shi a tsakar gida ta tambaye shi in an cinye wannan da me zai sake zama. Ta ce sai ya tara kuɗin zama hamsin cif. Kafin nan ya zauna a taga ya yi haƙuri kamar mutum.

Ya bi dokar kamar maganin asibiti. A shekara ta uku ya kai kwalba talatin da ɗaya, wani mai sayar da taya da ya biyo hanya ya ci shi a karta, ya mayar da shi ashirin da shida. Bai yi gardama ba, ya sauka teburin ɗari ɗaya, wurin tsofaffin da ke gyangyaɗi da karta a hannu, ya sake hawowa a hankali.

Duk wannan lokacin rufin gidansa na yoyo. Matarsa Slavka tukunya bakwai take jerawa in hadari ya taso. Mai gyaran rufi ya zo ya duba, ya ce dubu ɗari biyar, ba ragi. Slavka ta yi kuka, ta roƙi uwarta ta sa baki a fasa kwalaben. Tsohuwa ta ce a bar shi ya cika.

"Mama, ke uwata ce ko abokiyar cacarsa?"

Stamena ta ɗauko tukunya ta takwas ta ajiye inda ruwa ya fara sabon ɗiga.

Ita dama ba mai yawan bayani ba ce. Kowace Satumba takan ce za ta jinyar ƙanwarta, sati biyu, ta dawo da kwalba ɗari biyu na miyar gasasshen tattasai ta kai kasuwa, hannunta fes kamar na amarya. A watan jiya ma ta auna ƙugun Gradimir da zare, ta ƙulla, ta jefa a aljihu, ba ta ce don me ba.

To, ranar Litinin ɗin nan ya loda kwalabe hamsin a baro, don Tihomir ba ya buɗe ƙofa sai ya gan su duka. A bakin gida ya tarar da babbar mota ana sauke jan tayil na rufi. Mai gyaran ya ce tsohuwa ce ta sa a kawo tun kafin ta tafi jinya, ta ce za a biya shi da ƙarfe biyu.

Ƙwalla ta cika idon Gradimir. Shekara ashirin tana kiransa ɗan aiken saniya, ashe a ranta ta san shi gwani ne.

A gidan gahawa 'yan teburin taga suka hau tsokana, wani ya tambaye shi nawa yake sayar da kwalba ɗaya, wani ya ce ya tuna da su in ya zama mutum. Tihomir ya ƙirga kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya kalle shi yadda ake kallon alade in lokacin yanka ya kusa.

"Maƙwabci, ka karya kumallo? Ka yanke farce?"

Gradimir ya ce ya yi duka, ko da yake bai ga abin da ya haɗa farce da poka ba. Aka buɗe koriyar ƙofa, ya tura baronsa ciki.

Teburin babba ne da gaske, ya kai tsawon motar madara. A kansa an tula gasasshen tattasai har tsayin ƙirji, yana turiri. Likitan dabbobi, hedimasta da mai kantin magani na zaune sanye da rigar girki, suna ɓare ƙonanniyar fatar da yatsu, ba wanda ya ɗago kai. Ga kujera ɗaya babu kowa, an rataye mata sabuwar rigar girki mai faɗin ƙugu.

"Ni ma hamsin na shigo da su, bana shekara tara," in ji hedimasta a hankali. "In sun ƙare ka tashi. Zama na hamsin da ɗaya bashi ne, kuma da hannu ake biya, da ɓarar tattasai."

A can ƙarshen tebur, inda aka share wuri ɗaya tas, wasu tsabtatattun hannuwa suna cakuɗa karta da saurin da Gradimir bai taɓa gani ba.

"Zauna, ɗana," in ji Stamena, tana rabawa ba ta ko kallon kartar. "Kuma ka yi wasa da hanzari, mai rufi na jiran kuɗinsa ƙarfe biyu."