Lafiya Lau

"Tsohuwa ta shigo shago, ka ce mata 'Yadi nawa?' Ko sannu babu?" Kawu mai shagon yadi ya daka wa saurayin tsawa.

"Kawu, gaisuwar nan ƙarya ce. Wanda gidansa ke cin wuta ma, ka tambaye shi, lafiya lau zai ce."

Maganar ta yi masa daɗi a baki. Ai ba a banza ya goge bencin lise, wato babbar sakandare, ba. Sai dai sakamakon jarrabawar bak ta kammala sakandare ya riga ya fito, kuma bai ci ba. Duk mutanen unguwar Zongo ya shaida musu har yanzu ana jira.

Tsohuwar na nan tana shafa atamfa. Ta ɗago kai.

"Ɗan nan, yaya gida?"

"Lafiya lau."

"Yaya kasuwa?"

"Lafiya lau."

"Yaya karatu?"

"Lafiya lau."

Shi dai a kunnensa amsoshin uku duk iri ɗaya suka fito. Amma da jin ta ukun sai ta ajiye atamfar, ta dube shi da tausayi.

"Allah sarki. Allah ya sa baɗi a dace."

Almakashin Kawu ya tsaya a tsakiyar yadi.

"Baɗi kuma? Kai, ba ka ce ana jira ba?"