Shuɗin Zare a Farfesu

Kowace Juma'a Umma takan sayo zuciyar rago a unguwar Muntazah da ke Doha, ta zauna a kicin tana gwada ɗinki a kanta. Likita ce, burinta ta koyi tiyatar zuciya.

Ina 'yar shekara tara, wata la'asar na tarar tana yayyanka zuciyar cikin tukunya.

"Umma, yau babu ɗinki?"

"Ba su ɗauke ni a sashen tiyatar ba. Wai marasa lafiya ba su saba ganin mace baƙar fata da wuƙar tiyata ba. Khalas, shi ke nan. Miƙo min gishiri."

Muna cin farfesun na tauno wani shuɗin zare. Na haɗiye shi don kada ta gani.

Yau da irin zaren nan nake ɗinke zukatan mutane a Doha. Umma ta rasu ina aji biyu a jami'a.